Dalar Gyaɗa da Idon Jirgin Sama: Tarihin Hoton Zayyana a Ƙasar Hausa

Akwai wani hoto wanda da wuya a sami Bahaushen da ya shiga makaranta bai taɓa ganinsa ba, ko a littafin labarin ƙasa, ko a kalanda, ko a bayan takardar kuɗi. Hoton dalar gyaɗa ke nan: buhu bisa buhu, an jera su sahu-sahu tun daga ƙasa har suka tsuke can ƙoli, gefe guda rana ta haske, gefe guda inuwa ta rufe. In mutum ya daɗe yana dubansa sai buhunan su ɓace masa, ya zamana ba ya ganin kome sai layuka da kusurwoyi, kamar aikin allura a gaban riga. Masana sha'anin hoto sun ware wa irin wannan aji na musamman, watau hoton da a ke ɗaukar gini, ko ƙarfe, ko gari sukutum, ta yadda siffa da haske da inuwa za su rinjayi ainihin abin da aka ɗauka. A cikin wannan takarda za a kira shi hoton zayyana, domin zayyana ita ce adon nan da marubucin Alƙur'ani ya kan zana a gefen shafi, wadda ba ta kwaikwayon surar mutum ko ta dabba.

A Turai da Amurka gwanaye ne suka nemi wannan salo da gangan. A ƙasar Hausa kuwa ta hanyar jirgin sama da reluwe da cinikin gyaɗa ya shigo, shi ya sa mai binciken tarihi ba shi da damar ya karɓe shi a matsayin ado kurum. Tilas ya tambayi wanda ya ɗauka, da inda ya tsaya, da abin da ya bari a waje.

Tun ran farko hoto ya soma korar mutane daga cikin gari. A shekarar 1838 Louis Daguerre ya kafa akwatinsa a tagar wani bene a birnin Faris, ya ɗauki wani babban titi mai cunkoso. A wancan zamani sai an bar idon akwati a buɗe na mintoci kafin hoto ya kama, saboda haka duk abin da ke motsi bai fito ba. Kekunan doki da masu tafiya a ƙasa duk suka shafe, sai gidaje da itatuwa, da wani mutum guda da ya tsaya ana goge masa takalmi. Wannan dai rashin ƙarfin na'ura ne. Amma bayan shekara saba'in da 'yan kai sai ya zama abin so. A 1912 Alvin Langdon Coburn ya hau wani dogon bene a Niyok ya karkata akwatinsa ƙasa, ya ɗauki wani dandali da ƙanƙara ta rufe, hanyoyinsa sun miƙe ko'ina kamar hannuwan wata dabbar teku. Wajen 1928 László Moholy-Nagy ya yi irin haka daga kan hasumiyar rediyo ta Balin, a shekarar nan kuma Germaine Krull ta fitar da kundin hotunan ƙarafa zalla, na gadoji da injinan ɗaga kaya da hasumiyar Eiffel.

Wanda ya fi dacewa da zancen dalar gyaɗa shi ne Charles Sheeler. A 1927 aka ɗauke shi aiki ya yi hotunan babbar ma'aikatar motoci ta kamfanin Ford da ke River Rouge kusa da Detroit. Ya fito da bututun hayaƙi a tsaitsaye, da magudanan gawayi sun gitta juna a sararin sama, tsaf kamar an auna da zare. Ma'aikatar tana ɗauke da dubun dubatan leburori, amma da ƙyar a ke ganin mutum a cikin hotunan. Kuɗin aikin kuwa daga wajen masu tallan kamfanin ya fito. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don zai sake gamuwa da irinsa a Kano.

Idon Bahaushe ba baƙon zayyana ba ne. Tun kafin ya ga akwatin hoto ya san aska biyu da aska takwas a ƙirjin riga, ya san dagi a fuskar soro, ya san zanen ƙwarya da na tabarma da na jakar fata. Malamai da yawa sun ƙi jinin surar abu mai rai, sai gwanintar masu hannu ta karkata ga layi da ƙulli da da'ira. Wanda ya shiga masallacin Jumma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya dubi yadda bakan gizo ke haɗuwa da ɗan'uwansa a rufi, ba ya bukatar wani ya koya masa kyan siffa. Abin da ya zo sabo shi ne matsayar mai kallo, watau a dubi gari daga bisa.

Kano tana da Dala da Goron Dutse, saboda haka baƙi sun daɗe suna hawa su hangi birni. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya hau Dala a 1851 ya zana abin da ya gani, aka buga zanen cikin littafin tafiyarsa. Shi ne kuma ya ratsa ta Zurmi a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, kamar yadda Clapperton ya ratsa a 1824. Sai dai mai tsayuwa kan dutse a karkace ya ke ganin gari, bango na kare bango, kuka da giginya suna tare ido. Gani na tsaye, daga sama kai tsaye zuwa ƙasa, sai da jirgi ya zo. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka sauka Kano, su ne na farko da suka taɓa sauka a ƙasar. Bayan shekara biyar, a tafiyarsa ta ƙarshen 1930 da farkon 1931 zuwa Tafkin Cadi, wani matuƙi mutumin Suwizalan mai suna Walter Mittelholzer ya bi ta kan Kano yana ɗaukar hoto. Hotunansa suna ajiye a ɗakin karatu na babbar makarantar fasaha ta Zurich.

Wanda ya dubi Kano ta wannan fuska zai yi mamaki. Rufin soraye ya zama 'yan murabba'ai manne da juna kamar saƙar zuma, lunguna sun zama zare, kududdufan da aka haƙa aka yi tubali sun zama baƙaƙen tabo a tsakanin unguwanni. Ganuwa ta kewaye birnin, ta haɗa har da fili mai yawa na noma wanda magabata suka bari a ciki saboda ranar da abokan gaba za su kewaye gari. Ga mai tarihi wannan taska ce, don kuwa yawancin filin nan gidaje sun cinye shi, ganuwar ma ta zube a wurare da dama.

Amma akwai abin dubawa. Gidan Bahaushe an tsara shi ne don ya tsare ido. Baƙo ya kan tsaya a zaure, aminin gida ya kai shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami. Jirgin sama bai yi sallama ba, bai bi ta zaure ba, ya leƙa tsakar gidan kowa a lokaci guda, na sarki da na talaka. Ba wanda aka nemi izninsa. Abin da ya rage kaifin wannan shi ne nisa, domin daga can sama mace mai daka da turminta ɗigo biyu ne kawai. Watau nisan da ya mai da gari zayyana shi ne ya suturta mutanensa, shi ne kuma ya shafe su. Daga baya, da aka gama sabon masallacin Jumma'a na Kano a 1951, hasumiyarsa ta zama wani wurin da baƙi ke hawa su ɗauki rufin birni. Ramukan marinar Ƙofar Mata, da'ira bayan da'ira cike da ruwan baba, su ma suka shiga cikin abin da mai akwati ba ya wucewa.

To, a komo ga gyaɗa, don a nan ne ƙasar Zamfara ta shigo cikin labarin.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a ɗauka zuwa masaƙun Lankasha, amma fatake da manoman Kano suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in ciniki ya ƙi ana iya cinta. A 1913 abin da aka fitar ya haura tan 19,000, alhali a shekarar da ta gabata bai kai tan 3,000 ba. Da ciniki ya kafu sai aka miƙa rassa don a jawo amfanin ƙasashen da ke nesa da Kano. Wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Wani ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Ƙauran Namoda, garin da ya ci sunan Namoda jarumin Alibawa na zamanin jihadi, sai ya zama ƙarshen dogo a arewa maso yamma, inda kayan Zurmi da Shinkafi da Birnin Tsaba da ƙauyukansu ke gamuwa da tarago.

Tafiyar buhu guda doguwa ce. Manomi ya tone gyaɗa da kaka, mata da yara su tsinke, a shanya, a ɓare. Ana bukatar kuɗin haraji, ga na sutura, ga na aure, saboda haka ba a jinkiri. Jaki ko raƙumi ya ɗauka zuwa kasuwa, daga baya mota ta karɓi aikin. 'Yan baranda su tare, a ɗora a sikeli, a kai kantin kamfani ko na wakilinsa a bakin tasha. Daga nan 'yan dako su saɓa a ka su jera. Wajen buhu goma sha uku ke cika tan guda, watau kowane buhu ya kai nauyin ƙaton namiji. Duk buhun da ke ƙolin dala, wani ne ya hau da shi bisa wuyansa, taki ɗaya ɗaya, a kan 'yan'uwansa buhuna.

A kan danganta fara dala ga Alhasan Ɗantata, babban attajirin Kano wanda ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja a 1918, ya rasu a 1955, kuma a kan ce babbar dala ta kan ci buhu har 15,000. Siffar tata ba don ado aka zaɓe ta ba. Kaya mai faɗin gindi da tsukakken kai yana tsayawa da kansa ba tare da bango ba, in an lulluɓe shi da tamfol ruwa ya kan gangare, ga ƙidaya da sauƙi ga akawu.

Abin da hoton ba ya faɗi shi ne dalilin da ya sa gyaɗa ta tsaya har ta zama dutse. Amfanin gona lokaci guda ya ke zuwa, hanyar jirgi kuwa layi ɗaya ce tak, wajen mil 700 daga Kano zuwa Ikko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi sun tsufa, taragu sun yi kaɗan, sababbi ba su samuwa. Ingila na fama da ƙarancin man girki, ga gyaɗa jibge a Kano ba hanyar kwashewa, har 'yan majalisar Ingila suka yi ta tambayar gwamnatinsu a kan batun a ƙarshen shekarun 1940. Ta bara ta kan kwana har ta bana ta tarad da ita, ƙwari kuma suna ɓarna a ciki. Saboda haka yawan dala a fili shaida biyu ya ke bayarwa: ƙoƙarin manomi, da gazawar reluwe. Masu hoto da masu buga kalanda ta farkon kaɗai suka ɗauka.

Haka nan ba a ganin farashi a jikin hoto. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka kuɗin da za a biya manomi kowace shekara, sau da yawa ƙasa da abin da a ke samu a kasuwar duniya, rarar kuwa ta shiga ayyukan gwamnati. Ana iya gardama a kan ko wannan dabara ta yi amfani, tun da an yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin. Abin da ba gardama shi ne, mai gona a Birnin Tsaba yana cikin masu biya, kuma da shi da ɗan dakon Ƙaura ba safai su ke fitowa a hoto ba. In ma an sa mutum, ɗaya a kan tsayar a gindin dala don a gane tsawonta, aikinsa aikin sandar awo. Nan ne dalar Kano ta yi kama da ma'aikatar Ford ta Sheeler: masu kaya su ke son hoton, kayan kuma a ke nunawa. Masu akwati sun fi tsayawa Kano don nan jirgin sama ke sauka, nan masaukin baƙi ya ke, sai sunan Kano ya rufe na sauran tashoshin da suka ciyad da cinikin.

Gwamnati ta rungumi siffar. Gyaɗa ta fito a kan sarki na jerin 1953, jibgin buhuna ya fito a takardun kuɗi. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitad da gyaɗa. Sa'an nan fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo a 1975, kuɗin man fetur ya janye hankalin hukuma, abin da ya saura kuma injinan matsar mai na cikin gida suka shanye. Dala ta ɓace daga fili, a 1986 aka rushe hukumomin ciniki. Duk da haka, da aka fito da takardar naira 200 a shekarar 2000, mai hoton Sardauna Ahmadu Bello, sai ga dalar buhuna a bayanta, shekara ashirin da wani abu bayan ta daina tsayawa a Kano.

Akwai wani reshe na hoton sama wanda ba a yi shi don kallo ba sam, shi ne na safiyo. A 1946 Ingila ta kafa ofishin auna ƙasashen da ta ke mulka, aka riƙa shawagi da jirage ana ɗaukar ƙasa faifai bayan faifai, kowane ya ɗan hau kan na kusa da shi, don in an dube su biyu ta gilashi na musamman tudu ya taso, kwari ya faɗa. Da su aka zana taswirori. Ga idon da bai saba ba, faifan nan zanen tabarma ne kawai. Amma Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda shi da J. Wilson suka buga nazarinsu kan karkarar Kano mai cunkoso a 1965, ya nuna abin da a ke iya tatsa daga cikinsu. Da shi da abokan aikinsa sun gwada faifan shekaru dabam dabam, suka ƙidaya gonaki da itatuwa, suka tarar manoman Kano ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba kamar yadda a ke ta faɗi, tattalinsu su ke yi. Ga hoto marar mutum ya zama mai ba da shaida a kan hikimar mutane, don an sami wanda ya san ƙasar ya karanta shi.

A Jamus wasu ma'aurata, Bernd da Hilla Becher, sun ɗauki wata hanya tun daga 1959. Sun ga ma'aikatun ƙarfe da na gawayi na ƙasarsu suna mutuwa ana rushe su, sai suka bi su ɗaya ɗaya, tankin ruwa, da murhun narka ƙarfe, da rumbun hatsi. Kowanne su kan ɗauke shi daga gaba sosai, ran da gajimare ya rufe rana don kada inuwa ta yi ƙarya, su rubuta wuri da shekara, sa'an nan su jera tara ko goma sha biyu a allo guda don a gwada. A 1990 aka ba su babbar kyauta a bikin fasaha na Venis, kuma hotunansu sun taimaka aka hana rushe wata tsohuwar mahaƙar gawayi a Dortmund. Mafi kusa da wannan a Nijeriya shi ne aikin Zbigniew Dmochowski, magini mutumin Folan, wanda tun daga 1958 ya bi gine-ginen gargajiya yana aunawa yana ɗaukar hoto, ya kuma assasa gidan tarihin gine-gine na Jos inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano. Sai dai shi soro da masallaci ya bi. Gine-ginen zamanin reluwe, irin su rumfunan ajiya da tankunan ruwan jirgin tururi da injinan gurzar auduga na Funtuwa da Gusau, a lokacinsa sababbi ne, ba wanda ya ɗauke su tarihi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, zirga-zirgar jirgi a reshen Ƙaura ta ja baya tun kafin nan. Waɗannan su ne irin abin da Becher da matarsa za su tsaya a gabansa.

Salon Coburn da Mittelholzer bai mutu ba. A 2016 Edward Burtynsky, mutumin Kanada, ya yi shawagi bisa Ikko da bakin tekun Neja, ya ɗauki gumagumai jere a ruwa wajen masu tsaga katako, da fadamun da ɗanyen mai ya ƙone, launinsu kamar na rini. Mutane suka yaba kyan hotunan, waɗansu kuma suka ce kyan ya yi yawa ga abin da ke ƙasa. Yanzu hoton tauraron ɗan'adam ya sa duk mai wayar hannu yana iya duban Zurmi ko Shinkafi daga sama, ya ga rumbuna kamar ƙwayoyin carbi, da gulbin Gagare ya yi lanƙwasa cikin yashi. In ya ja yatsa kudu zuwa ƙasar Anka da Bukkuyum, inda a ke haƙar zinariya, ramukan ba su da bambanci da na marina ga mai hange daga nesa. A ƙauyukan nan ne a 2010 aka gane cewa dutsen da a ke niƙawa a tsakar gida yana ɗauke da dalma, bayan ƙurarsa ta kashe yara wajen 400.